Goshin Mama Dubai

Kwana tara kacal Madam Subuola ta yi a Dubai, amma tun da ta dawo babu wanda ya sake sakewa a layin 'yan leshi na kasuwar Gbagi a Ibadan. Ka ce rana ta yi zafi, ta ce ai ba ka ga ta Dubai ba. Ka ce amalar yau ta yi laushi, ta ce a can da na'ura ake tuƙa ta. Kafin mako ya zagayo kowa ya koma kiranta Mama Dubai, ita kuwa tana amsawa har da gyara zaman sarƙa, ba ta san da tsiya ake kiran ba.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar maganar ita ce ta allura.

Matan ƙungiyar 'yan leshi su arba'in ne, kusan duk sun haura hamsin, al'ada ta ɗauke ko tana shirin ɗaukewa. Zafin nan da ke taso wa mace daga ƙirji, ya haye wuya, ya mamaye fuska, gumi ya karyo mata ba gaira ba dalili, su risho suke ce masa. Sai ka ji ana tsakiyar ciniki wata ta ce, “Dakata, rishona ya kama,” ta zaro mafici. Ba su ɗauke shi abin kunya ba. A wurin biki ma ba ya ɓoyuwa, don idan ana liƙi, takardar kuɗi aka ɗora a busasshen goshi zamewa take ta faɗi, a goshin mai risho kuwa ɗaf take mannewa, sai a yi shewa a wuce wurin.

Ranar taron wata, tsohuwar Uwar Ƙungiya, Mama Ashake, ta ce ƙafafu sun gaji. Nan da mako uku, ranar bikin cikar ƙungiya shekara ashirin da biyar, za ta miƙa izgar shugabanci ga wadda mata suka ɗaga wa hannu. Mutum biyu ke so. Akwai Sista Arinola, tsohuwar nas da ta yi ritaya ta buɗe shagon leshi, mace mai magana ƙasa-ƙasa. Sai Subuola, wadda shekara goma ke nan tana mafarkin izgar nan, har ta sa an buga mata kalanda da hotonta riƙe da ta aro. Da wata takwas ta girmi Sista, kuma ba ta taɓa barin kowa ya manta ba.

Ta miƙe, ta yi gyaran murya.

“'Yan'uwana, ku dube ni da kyau. A Dubai an kashe min risho har lagwaninsa.”

Mafitai suka tsaya cak.

“Allurar ƙwayoyin halitta ake ce mata. Likita zai ɗebo su daga kitsen cikinki, wasu 'yan ƙanana da ba su san tsufa ba, ya wanke su tas, ya mayar miki ta jijiya. Su kuma sai su bi jiki ɗaki-ɗaki suna gyara. Yanzu haka da kuke ganina shekarata talatin da biyu a ciki. Ku ba ni izga, in cika jirgi da ku, kowacce ta dawo yarinya.”

“Kai! Har ciwon gwiwa?” in ji wata.

“Gwiwa ai kyauta suke haɗawa.”

Sista Arinola ta ci gaba da fifita a hankali. “Anti Subuola, ni dai a iya sanina masu bincike ba su gama tabbatar da wannan abu ba.”

“Saninki ai ya tsaya a awon ciki da ɗigon rigakafi, ƙanwata.”

“Haka ne. To nuna mana inda aka huda.”

“Allurar Dubai ba ta barin tabo.”

“Takardar asibiti fa?”

“Can ba a amfani da takarda. Komai a iska yake.”

“Na ga alama,” in ji Sista.

Dariyar da aka yi ce ta tunzura Subuola. Ta fizgo maficinta mai gashin jimina ta ɗora a gwiwa za ta karya. Ya ƙi. Ta sake, ya ƙi. A na uku ta taka shi da ƙafa, ya karye, dunduniyar takalminta ma ta bi shi. Tana tsaye a karkace ta ɗaga yatsa sama.

“Ranar biki zan shiga fili a yi min liƙi. Takarda ɗaya ta manne a goshin nan, na janye, ku ba ƙanwata izga. Kuma tunda ni ke kawo anko, bana babu mafici a ciki. Ba ƙungiyar tsofaffi zan shugabanta ba!”

Ko rufe baki ba ta yi ba ta ji shi. Daga can ƙasan ƙirji ya fara, sannu a hankali, irin na wanda ya san gidan. Ta wawuri wayarta da ba ta yi ƙara ba ta kara a kunne.

“Halo? Dokta? Dubai ce, ku yi haƙuri!”

Ta ɗingisa waje da takalmi ɗaya da rabi, ta faɗa ɗakin sanyin masu kifi da ke maƙwabtaka, ta rungumi kwalin kifi ta tsaya. Minti goma sannan ta dawo fuska a bushe tana taku ɗai-ɗai. Matan layin gaba suka fara jan hanci.

“Anti, wannan turaren Dubai ne?” in ji Sista Arinola.

“Ba za ki san shi ba.”

“Na san shi mana. Da shi nake miya.”

Gaskiyar magana, mutum ɗaya ne ya san abin da ya faru a Dubai, wato mijinta, Baban Lekan, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya raka ta. Ta je asibitin, wannan ba ƙarya ba ne. Ta hau hawa na goma sha huɗu. Likita ya gaya mata ƙarara cewa ba ya yi mata alkawarin komai, ta ce ya bar wannan, ita ta san jikinta. Aka sa mata rigar nan mai buɗaɗɗen baya. Sai nas ta yaye ƙyallen da ke kan faranti, Subuola ta ga abin da za a zuƙo kitsen da shi, dogo kamar tsinken tsire. Matar da tun tana yarinya sai mutum huɗu sun danne ta ake yi mata allura! Ba ta jira na'urar sauka ba. Ta matakala ta sauko hawa goma sha huɗu, Baban Lekan na biye da zaninta da takalmanta yana ba mutane haƙuri.

Da yammacin ranar taron ya same ta a kicin, kanta cikin firiza har kafaɗa.

“Maman Lekan, Dubai ce ta sake kira?”

“Rufe min baki,” in ji muryar daga cikin firiza.

“An ce kin yi rantsuwa da goshinki. Goshin da ko jiya ya jiƙa matashi biyu?”

Ta fito da kai, ganyen ewedu manne a kumatu. “Wa ya gaya maka?”

“Mai gyaran takalmi. Shi ma mai kifi ce ta gaya masa. Ki je ki sami Arinola ki ce wasa kike. Ta san likitocin mata, akwai abin da suke bayarwa, ba sai an je ƙasar wasu ba.”

“Ni? In durƙusa wa yarinyar da aka haifa ina zaune da kaina?”

“Wata takwas ne.”

“Wata takwas ba shekaru ba ne? Ka ji ni da kyau, Baban Lekan. Kalmar matakala ta fito daga bakinka, kai da sakwarata sai a lahira.”

Baban Lekan mutum ne mai son sakwara. Ya ja bakinsa.

Makonnin nan uku, wahalar da Subuola ta sha ko maƙiyinta sai ya tausaya, in da ba ita ta saya da kuɗinta ba. Ta sa aka cire fankar shagonta aka jingine a ƙofa don kowa ya gani. Mata suna ta zuwa kallon goshi, wasu har da taɓawa. Idan risho ya kama sai ta ce za ta duba kaya, ta shige bayan dilolin leshi. Ran nan maƙwabciyarta Iya Risi ta leƙa neman canji, ta same ta a tsugune tana fifita da murfin tukunya, harshe a waje.

“Mama Dubai, lafiya?”

“Sauro nake kora.”

“Daga cikin rigarki?”

“Sauron Gbagi ba shi da kunya.”

“Ai kuwa,” in ji Iya Risi. “Ba shi kaɗai ba.”

Shi ke nan ta ga dole a yi dabara. Ta zaunar da Baban Lekan a falo, ta ba shi takardar kuɗi, ta ce ya yi ta liƙa mata. Ta shafa hoda, ta yi 'yar rawa, takarda ta manne. Ta ƙara hoda, ta manne. Sai idonta ya faɗa kan robar sitatin da take ƙanƙare ashoke da shi.

“Yauwa! Abin da ya tsayar da ashoke ya yi kwana uku bai rusuna ba, goshi ne zai gagare shi?”

Ta dama sitati da kauri, ta shafe goshi da kumatu, ta bari ya bushe, ta bi da hoda. Fuska ta ɗaure tamau, ko murmushi sai da dabara. Baban Lekan ya ɗora takarda, ta zame ta faɗi.

“Ka gani?”

“Na gani. Amma nan ƙarƙashin fanka muke. Kuma sitati in ya ji ruwa me yake komawa?”

“Ba zai ji ba. Ƙanƙara zan sa a cikin gwaggwaro. Kan da ke cikin sanyi ina zai samo gumi?”

Suka gwada da ledojin fiya-wata shida da suka daskare. Baban Lekan ya zaro tsohon agogonsa na tasha ya riƙe. Awa biyu da minti goma ƙanƙara ta yi kafin ta zama ruwa. Subuola ta ɗauko katin biki ta karanta: buɗe taro ƙarfe goma sha biyu, rawar 'yan takara ƙarfe ɗaya da rabi.

“Har da rara,” ta ce.

Baban Lekan ya rufe agogo. “Maman Lekan, shekara talatin ina aikin jirgi, jirgin da ke da jadawali a rubuce ma yana latti. Ke da bakinki, yaushe aka taɓa fara biki a Ibadan a lokacin da kati ya ce? Ke kanki bikin ɗanki ƙarfe nawa kika je?”

“Wannan ni na buga katin.”

“Wancan ma ke kika buga.”

“Sakwara,” in ji ta. Ya mayar da agogon aljihu.

Ranar biki da hantsi Sikira mai ɗaurin gwaggwaro ta zo, mace mai hannu kamar na makaniki da baki kamar reza. Ta ga ledoji shida a faranti, ta dubi Subuola.

“Mama, kai zan ɗaura ko sana'ar ruwan sanyi za mu buɗe?”

“Sabon yayi ne a Dubai. Ɗaura, kuma in na ji a gari ke ce.”

Sikira ta jera ƙanƙara a kai, ta naɗe da jan ashoken anko, wanda Subuola ta rantse wa mata cewa ko a teku aka jiƙa shi ba ya zuba. Ledoji suna ta zamewa, sai ta yi abin da ta saba yi wa duk gwaggwaron da ya yi gardama: ta cika baki da fil, ta bi ta kafe shi ta ko'ina. Ta soka nan, ta soka can, har cikin ledojin. Ƙanƙara ce, ba abin da ya ɗiga, ba wanda ya kula. Da aka gama, gwaggwaro ya yi girman da bai shiga mota ba sai da Subuola ta kwanta a kujerar baya, ƙafafu a taga.

Sha biyu saura minti goma suka isa filin makarantar da za a yi biki. A rayuwarta wannan ne karo na farko da ta zo wuri a kan lokaci, kuma Allah ya nuna mata dalilin da ya sa ba a yi. Rumfa ɗaya aka kafa, sauran suna kwance a ƙasa. Kujeru suna kan mota. Can gefe masu girki suna hura wuta, saniyar ma ba a gama feɗe ta ba.

“Ina mutane?” ta ce, haƙoranta suna kaɗawa, don sanyi ya riga ya huda mata ƙoƙon kai.

Mai kafa rumfa ya dube ta daga sama har ƙasa. “Mama, ke ce mai kawo kek?”

Ta zauna ita kaɗai a rana tsaka tana rawar ɗari. Baban Lekan na gefe da agogo a hannu.

“Sha biyu da rabi.”

“Ban tambaye ka ba.”

“Ɗaya da kwata.”

Ƙarfe biyu mata suka fara isowa cikin jan ashoke mai nauyi, babu mafici ko ɗaya. Zafin watan Maris ne, ga risho arba'in kowanne da lokacin tashinsa. Wata na fifita da katin biki, wata da farantin roba, Iya Risi ta cire takalmi tana yi da shi. Duk wadda ta wuce ta gaban Subuola sai ta rusuna ta ce, “Sannu da ƙoƙari, Mama Dubai,” da irin muryar da ake yi wa ɓarawon da aka kama sannu.

Ƙarfe uku saura aka buɗe da addu'a. Fasto ya yi minti ashirin. Liman ya ga ba zai bari a fi shi ba, ya yi ashirin da biyar. Sanyin kan Subuola ya tafi tuni. Yanzu in ta motsa sai ta ji wani abu yana 'yar ƙara a sama, culum, culum. Ta daina juya wuya. Wanda ya gaishe ta daga gefe sai ta juyo da jiki gaba ɗaya.

“Awa huɗu da minti biyar,” in ji Baban Lekan a kunnenta. “Mu tafi gida, in ce cikinki ne.”

“In bar wa Arinola izga? Ko gawata ce sai ta yi rawar nan.”

Makaɗi Ayanwale ya saɓa kalangu. Sista Arinola ta fara shiga. Ba ta yi taku goma ba rishonta ya kama, takardu suka manne mata a goshi, ta nuna su da yatsa tana dariya, mata suka yi shewa suka rungume ta. Ta koma ta zauna, jakarta a cinya.

Sai mai gabatarwa ya ɗaga murya: “Mace mai shekara talatin da biyu a ciki! Mama Dubai!”

Ta taso a sandare, tana tafiya kamar mai ɗauke da tulu. Ayanwale ya bi ta da kirari. Mama Ashake ta dogara sanda ta zo, ta ɗora takarda ta farko a goshin sitati. Fili ya yi tsit. Takarda ta zame, ta yi lilo, ta faɗi ƙasa.

Wallahi da mai hankali ce, nan za ta rusuna ta koma kujera, izga ta zama tata. Amma ina! Ta fizge makirfo daga hannun mai gabatarwa.

“Kun gani? Ina masu awon ciki? Ayanwale, wannan kiɗan tsofaffi ne. Ba ni na 'yan mata!”

Ayanwale ya matse kalangu ya saki wuta. Subuola ta manta da abin da ke kanta. Ta karya kafaɗa, ta juya ƙugu, ta yi ƙasa, ta ƙara yin ƙasa irin rawar da ake yi har gwiwa ta kusa taɓa turɓaya, ta sunkuyar da kai. Ledoji shida masu hujin fil suka matsu a lokaci ɗaya. Kuma daidai nan, don abin ya cika, risho ya kama, irin babban nan da yake zuwa sau ɗaya a mako.

Ruwa ya ɓalle ta sama, gumi ya ɓalle ta ƙasa, suka haɗu a goshi. Ashoken da ba ya zuba ya zuba. Jan ruwa ya gangaro ta gira, ta hanci, ta bayan kunne. Sitati ya ji ruwa ya koma abin da Baban Lekan ya tambaya, ya zama koko mai yauƙi.

Iya Risi ce ta fara isowa, takalmi ɗaya a hannu. Ta ɗora takarda. Ɗaf.

“Af! Ta zauna!”

“Iska ce ta riƙe ta,” in ji Subuola.

“To bari mu ga ko iskar za ta riƙe biyu.”

Ɗaf. Ai sai mata suka taso. Mata arba'in da suka yini suna fifita da faranti saboda ita, kowacce ta buɗe jaka. Ba a taɓa yi wa mace liƙi da zuciya ɗaya irin na ranar ba. Goshi ya cika, aka koma kumatu, aka koma haɓa, wata ta manna mata a kan ido, wata ta rufe ɗayan. Ayanwale kuwa, ɗan duniya, ya ƙi tsayawa, sai ma ya ƙara wuta. Subuola ta miƙe ba ta gani, hannu ɗaya da makirfo ɗaya yana lalube. Ta taka ƙafar fasto. Ta juya ta rungumi liman, ya yi salati ya zille. Ta ja da baya ta ci karo da teburin abinci, ta zauna daɓas a ƙasa, kular miyar ewedu ta bi ta ta juye a cinyarta. Gwaggwaro ya yi tsalle ya bar kai. Ledoji shida suka watse a fili suna tsartuwa, ɗaya ta gangara har gaban Mama Ashake.

Tsohuwa ta sa sanda ta juya ledar. “Subuola, wannan su ne ƙwayoyin?”

Fili ya kece da dariya. Wasu suka faɗo daga kujera. Masu girki suka bar tukwane suka zo da ludaya a hannu. Sikira ta sulale bayan rumfa. Baban Lekan ya mayar da agogonsa aljihu, ya rufe fuska da hula.

Kuna tsammani ta saduda? Daga ƙarƙashin takardu murya ta fito, ta makirfo, har titi ana ji.

“Ku daina dariyar jahilci! Aikin allurar ne. Likita ya ce ƙwayoyin za su kori tsohon ruwan jiki ta ka. Alamar nasara ce!”

Sista Arinola ta taso a hankali da jakarta. Fuskarta ba alamar wasa.

“Ku yi shiru,” ta ce, da muryar da ta yi shekara talatin tana tsawata wa ɗakin haihuwa. Aka yi shiru. Ta tsuguna, ta ɓare takarda ɗaya daga idon Subuola, ta kama hannunta kamar mai duba bugun jini. “Anti, kin tabbata an yi miki allurar nan?”

“Sau nawa zan faɗa?”

“To abin ya yi tsanani. In an yi miki, kuma ga jan ruwa yana fita ta ka, ba a jira. Dole a yi miki wata allurar yanzu-yanzu. Babba ce, amma ki daure. Iya Risi, kama ƙafafu. Ku biyu ku danne kafaɗa.”

Ta ja zik ɗin jakarta, ƙiiii.

Idon Subuola guda da ke buɗe ya kafe a kan jakar. Hannaye shida suka sauka a jikinta. Ta ga farantin nan na Dubai, ta ga ƙyallen ana yaye shi.

“Ku sake ni! Ba a yi min ba! Wallahi ba a yi min komai ba! Guduwa na yi! Baban Lekan, gaya musu!”

Makirfo yana bakinta har yanzu. Kowa ya juya ga Baban Lekan. Ya sauke hula daga fuska, ya yi ajiyar zuciyar wanda ya yi bankwana da sakwara.

“Hawa goma sha huɗu,” ya ce. “Ta matakala. Rigar ma babu baya.”

Ba sai an ƙirga hannu ba. Mama Ashake tana share hawayen dariya ta miƙa wa Sista Arinola izga a nan inda take tsugune, mata suka ɗauki guɗa. Subuola ba ta ma ji ba. Risho bai gama da ita ba, wuta ce ke ci daga ƙirji har tsakar ka, ga miya a cinya, ga koko a fuska, numfashi sama-sama. Ta dubi hagu, faranti. Ta dubi dama, katin biki. A duk filin nan babu mafici ko ɗaya, ita ta hana.

Sai Sista ta sa hannu cikin jakar da ta buɗe, ta zaro abin da ke ciki. Babu allura, babu kwalba. Tsohon maficinta ne na kaba, bakinsa duk ya zare.

Subuola ta miƙa hannu. Sista ta ɗan janye shi.

“Arinola, don Allah.”

“Wa?”

“Ƙanwata…”

Mafici ya ƙara nisa. Mata arba'in suka matso, har Ayanwale ya dafe bakin kalangu.

Subuola ta dubi maficin nan. Ta dubi izgar da ta yi shekara goma tana mafarkinta. A hankali ta tattara zaninta mai ɗigar miya, ta juya ta kafa gwiwoyi biyu a turɓaya, yadda yarinya ke gaida babba.

“Uwar Ƙungiya,” ta ce, takardar da ke haɓarta tana rawa, “a taimaka a fifita ni.”

Sista Arinola ta fara fifita ta, sannu a hankali, ta sunkuyo daidai kunnenta.

“Ranar Talata ki shirya in kai ki wurin likitar da ke duba ni. Nan bayan kasuwa take.”

Subuola ta lumshe ido tana shan iska. Can ta buɗe guda.

“Hawa na nawa ne?”